Adana Bayanan Awo a Ma'adanar Na'urar Gwajin Wutar Lantarki: Tazarar Lokaci da Ingancin Hujja

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda na'urar auna ingancin wutar lantarki ke zaɓar abin da za ta ajiye, bisa ƙa'idojin IEC 61000-4-30 da EN 50160. Ta nuna cewa tazarar da injiniya ya saita kafin ya bar na'urar a gindin taransifoma ita ke ƙayyade hujjar da za a samu daga baya.

Yawan bayanai da girman ma'adana

Ƙa'idar IEC 61000-4-30, wadda ta fara fitowa a 2003, ta ɗora awon farko a kan zagaye 10 a layin da ke tafiya kan 50 Hz, irin na Nijeriya da Nijar. Hakan kashi ɗaya ne cikin biyar na daƙiƙa. Daga nan ake dunƙule awon zuwa na daƙiƙa 3, na minti 10 da na awa 2. In an ajiye kowane awon farko, mako guda zai tara 3,024,000 a kan waya ɗaya tak. In kuwa na minti 10 ne, 1,008 kacal za a samu, kuma su EN 50160 ke dubawa: kashi 95 cikin 100 su tsaya tsakanin bolt 207 da 253 a layin bolt 230.

Abin da dunƙulewa ke haɗiyewa

A nan gizo ke saƙar. Mu ɗauka wuta ta faɗi zuwa bolt 115 na daƙiƙa ɗaya, fitila ta yi ja, injin niƙa ya tsaya. A lissafin minti 10, na'urar za ta rubuta kusan bolt 229.9, wato lafiya lau. Mai injin ya yi asara, takarda kuma ta ce ba a yi komai ba. Don haka dole a keɓe wa irin wannan faɗuwar gurbi na daban a ma'adana, mai ɗauke da lokacin farawa, tsawon lokaci da zurfin faɗuwa.

Ƙa'idar IEC 61000-4-30 ta kuma tanadi sanya alama a kan duk awon da faɗuwa, hauhawa ko ɗaukewar wuta ta shafa, don kada a ƙirga matsala ɗaya sau biyu. Inda ake yawan ɗauke wuta, awo mai alama na iya cinye kaso babba na makon. A ganinmu, goge shi kuskure ne, domin shi ne ainihin labarin layin.

Cikar ma'adana da agogo

Wasu na'urorin kan daina rubutu in ma'adana ta cika, wasu kuma su hau kan tsohon bayani. Mai bin sawun matsalar da ba a san ranarta ba ya fi buƙatar tsari na biyu, muddin yana kwashe bayanan a kai a kai. Agogo ma abin lura ne: na'urar da ƙa'idar IEC 61000-4-30 ta sa a rukunin A ba a yarda ta kauce da fiye da daƙiƙa ɗaya a awa 24 ba in babu siginar daidaita lokaci daga waje. In batir ya mutu, agogo ya koma baya, to ba za a iya gwada bayanan da na tashar rarraba wuta ba.