Abincin jariri daga haihuwa zuwa yaye: abin da ya kamata iyalanmu na Darrasa da na gida su sani

Darrasa unguwa ce a tsohon birnin Alƙahira, dab da Masallacin Azhar da na Husaini. 'Ya'yanmu da dama da suka tafi karatu Azhar a nan suke zaune ko a kewayenta, wasunsu da iyali. Matar da ta haihu a can ba ta da kaka ko goggo a kusa, sai shawarar maƙwabta da ta waya. Shi ya sa muka tattara wannan bayani, don su da mu da ke zango.

Abin da ya faru a Masar

A watan Satumba na 2016 madarar gwangwani ta jarirai mai rangwamen gwamnati ta yi wuya a Masar. Iyaye mata suka fito titi a Alƙahira ɗauke da jarirai, har sojoji suka shiga harkar shigo da madarar. Daga waje ake sayo yawancinta, ga dala ta yi ƙaranci a lokacin. Jaririn da aka saba wa gwangwani, cikinsa ya dogara ke nan da farashin dala da jirgin ruwa. Ɗalibin da ke jiran a aiko masa kuɗi daga Kumasi ko Nima ya fi kowa sanin haɗarin wannan.

Tun kafin nan, a shekarun 1980, gudawa ce kan gaba wajen kashe ƙananan yara a Masar. Gwamnati ta yi gangamin koya wa iyaye mata ruwan gishiri da sukari, wanda Misirawa ke kira mahlul, ta talabijin da asibitoci, 'yar wasa Karima Mukhtar tana cikin masu fitowa a tallar. Saƙon ya haɗa da cewa kada a daina shayarwa don yaro yana gudawa. Mace-macen yara ta wannan hanya ta ragu ƙwarai.

Wata shida na farko: nono zalla

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ba da shawara uku: a sa jariri a nono cikin sa'ar farko, a ba shi nono kaɗai har wata 6, a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Wannan bai saɓa wa abin da muka sani ba, domin aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu ga mai son cika shayarwa. Cibiyar nazarin yawan jama'a ta Jami'ar Azhar ma ta haɗa hannu da UNICEF sun fitar da littafi kan kula da yara a Musulunci a 2005.

Dakashi, wato nonon farko mai kauri da ɗorawa-ɗorawa, ba gurɓatacce ba ne, kada a matse shi a zubar. Shi ne rigakafin farko na jariri. Cikin jariri sabon haihuwa ɗan ƙarami ne, 'yan ɗigon nan sun ishe shi, kuma yawan tsotso ne ke jawo nono.

Nono kaɗai yana nufin ban da ruwa. Kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne, ko a zafin Alƙahira na watan Yuli ya wadatar. A Masar maƙwabta za su ce a ba jariri yansun ko karawiya ko ruwan sukari. A gida kuma mu ce ruwan zafi, jiƙo ko rubutu. Duk suna cika ciki ba tare da gina jiki ba, suna rage tsotso, kuma hanya ce ta shigar ƙwayoyin cuta. Zuma kuwa ba a ba yaron da bai kai shekara ɗaya ba, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jiki. Wani nazari da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2016 ya ƙiyasta cewa shayarwa yadda ya kamata za ta iya ceton yara sama da 800,000 a duk shekara.

Idan likita ya ce dole sai madarar gwangwani, a tafasa ruwa, a dama da shi tun yana da zafi sosai, a bi awon da ke jikin gwangwani ba ƙari ba ragi, a zubar da abin da ya wuce sa'a 2. Tsinka madara da ruwa don ta daɗe yunwa ce a ɓoye. Kofi ya fi kwalba sauƙin wankewa.

Daga wata 6: koko kaɗai bai isa ba

A nan yara da yawa ke fara ramewa. Koko mai tsinkewa ruwa ne ya fi yawa a cikinsa. A dama shi da kauri yadda ba zai zube daga cokali da sauƙi ba, a ƙara masa garin gyaɗa, waken suya, garin kifi, ƙwai ko ɗan mai. Garin Tom Brown da muke haɗawa da soyayyar masara, wake da gyaɗa shi ne misali mai kyau.

'Yan Darrasa ba sai sun jira saƙo daga gida ba. Kasuwa cike take da adas da ake dafawa ya yi laushi, da ful da za a ɓare a murje, da zabadi marar sukari, da ƙwai, da dankali. Mulukiyar da Misirawa ke ji da ita kuwa ayoyonmu ce. Hanta da nama da kifi suna ƙara jini. Shayi ba na jarirai ba ne, yana hana jiki amfana da sinadarin ƙarfe.

Ɗan wata 6 zuwa 8 ya ci sau 2 zuwa 3 a rana. Daga wata 9 zuwa shekara 2, sau 3 zuwa 4, da ɗan abin taɓawa kamar ayaba ko gwanda. A ba shi kwanonsa daban don a san abin da ya ci, a wanke hannu da sabulu kafin a ba shi.

Yaye da rashin lafiya

Sunan cutar kwashoko daga harshen Ga ya fito. Likita Cicely Williams ce ta shigar da shi littattafan likitanci a shekarun 1930 lokacin da take aiki a Akara, kuma ma'anarsa ciwon da yaro ke yi idan an yi masa ƙane. Yaye na dare ɗaya, a kai yaro gidan kaka a bar shi da koko, shi ke buɗe wannan ƙofa. A yaye a hankali, bayan yaro ya saba da abinci.

Idan gudawa ta zo, a ƙara yawan shayarwa, a ba da ruwan gishiri da sukari na asibiti tare da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14. A karanta adadin ruwan da aka rubuta a jikin takardar, domin ƙunshin Masar ƙarami ne, na kofi ɗaya. A gaggauta zuwa asibiti idan yaro ya ƙi kama nono, ko idanunsa suka faɗa, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko aka ga jini a bayan gidansa. Asibitin Husaini na Jami'ar Azhar yana nan cikin Darrasa. A gida kuma kada a yi wasa da ranar awo.

Aikin maigida da dattawa

Mai jego tana buƙatar ƙarin abinci, ruwa da hutu. Kuɗin gwangwani ɗaya zai sayi ƙwai, wake da kifin da za su ƙosar da uwa kwanaki. Iyayenmu mata da ke ba da shawara ta waya, maganarku ta fi ta kowa nauyi a kunnen 'ya'yanku. Idan kuka ce a bari sai wata shida, za a bari. Allah Ya raya mana zuri'a.