Keken Jarirai Mai Ƙafa Uku: Daga Ina Ya Fito, Kuma Don Wa Aka Yi Shi?



A 'yan shekarun nan wani sabon kaya ya fara shigowa cikin kayan barka na mutanenmu, wato keken nan da ake sa jariri a ciki ana turawa. Akwai mai ƙafa huɗu, akwai kuma mai ƙafa uku, wanda ya fi tsada kuma ya fi ɗaukar idon matasan magidanta. Da yake a gindin shagon mahaifina na tashi, sau da yawa akan tambaye ni wanne ya fi, alhali ko aure ban yi ba. Wannan ne ya sa na bibiyi asalin abin, domin a gidanmu an koya mana cewa kafin ka saro kaya ka fara sanin don wa aka yi su.

Bari mu fara da abin da muka gada. Kakanninmu fatauci ne ya gangaro da su wannan yanki na Alago, suna bin gishirin Keana da Awe, suna yada zango a Lafiyar Barebari, tun kafin layin dogo ya ratsa ta Lafia a shekarun 1920. A wannan doguwar tafiya babu taya ko ɗaya. Jaki ne da kan mutum, yaro kuwa yana bayan uwarsa. Zane ɗaya ne, sai majanyi da ake ɗaurawa a kai don ya tallafe shi. Da wannan mace ke daka, take ɗebo ruwa, take ɗora kaya a ka, hannuwanta biyu a sake, yaro na jin ɗuminta, idan ya yi kuka ta jijjiga shi ko ta kwanto shi ta ba shi mama. Idan ta gaji kuma ga yayarsa ko ƙanwar uwa ta karɓa. Mai karatu ya lura da yadda abin ya shiga harshenmu: muna cewa uwar goyo, muna cewa ɗan goyo, kuma duk wanda ya tsaya maka a wata magana sai mu ce ya ba ka goyon baya.

To su Turawa fa? Keken yara na farko da tarihi ya riƙe sunan maƙerinsa an yi shi ne a Ingila a shekarar 1733. Wani mai tsara gine-gine da lambuna, William Kent, shi ya ƙera wa wani basarake, Duke na Devonshire, don 'ya'yansa. Ba turawa ake yi ba, akuya ko ɗan ƙaramin doki ake ɗaura wa ya ja yaron yana zaga lambun gida. Wato dai abin wasan 'ya'yan sarauta ne. (Na so in ga akuyar da za ta yarda da wannan aiki a Assakio.)

Sai bayan fiye da shekara ɗari aka samu wanda ya mayar da mariƙin baya, yadda babba zai riƙa turawa yana kallon inda yaron ke tafiya. Sunansa Charles Burton. Ya fara gwadawa a birnin New York na Amurka, mutane ba su karɓa ba saboda masu turawa suna ta bangaje jama'a a hanya, sai ya ƙetara Landan, inda ya yi wa ƙirarsa rajista a 1853. Abin da ya ba ni mamaki shi ne keken Burton ƙafa uku gare shi, manya biyu a baya, ƙarama ɗaya a gaba. Ashe abin da ake sayar mana a matsayin sabon yayi ya haura shekara 170 a duniya. Masu adana kayan tarihi a Ingila suna bayyana cewa dokar wancan lokaci ta hana abin hawa mai ƙafa huɗu bin gefen titi da aka keɓe wa masu tafiya a ƙasa, don haka maƙera suka tsaya a kan uku. Doka ce ta haifi ƙafa ukun, ba wai don ta fi huɗu daidaituwa ba. Kuma irin waɗancan kekuna na yaron da ya iya zama ne. Na kwantar da jinjiri, mai kama da ɗan gado, daga baya ya zo, kuma da ƙafa huɗu ya zauna.

Daga nan gyare-gyare suka biyo baya. Kamfanin Silver Cross ya fara aiki a Leeds a 1877. A 1889 wani Baƙar fata ɗan Amurka, William Richardson na birnin Baltimore, ya fito da wanda ake juya gadonsa, yaro ya fuskanci mai turawa ko ya fuskanci gaba. A 1965 kuma Owen Maclaren, injiniyan jiragen sama da ya yi ritaya, ya ƙera na alminiyum mara nauyi, wajen kilo 3, wanda ake naɗewa kamar laima a shiga da shi bas ko jirgi. Duk waɗannan suna da abu ɗaya da suka dogara a kai: shimfiɗaɗɗiyar hanyar masu tafiya a ƙasa, wadda hukuma ke ginawa tana kuma gyarawa.

Mai ƙafa ukun da muke gani a yau labarinsa daban ne. Wani ɗan jarida ne a garin Yakima na jihar Washington, Phil Baechler, mai sha'awar gudun motsa jiki, ya so ya riƙa fita da ɗansa, amma ƙananan tayoyin keken Maclaren da ire-irensa ba sa jure gudu. Sai ya haɗa nasa da tayoyin keke masu iska, biyu a baya ɗaya a gaba, a 1984 kuma ya kafa kamfanin Baby Jogger. Don haka idan ka ga manyan tayoyin nan da dogon hanci, ka sani don mai sassarfa da asuba a kan kwalta aka yi su. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin maijego ta fito gudun motsa jiki a hanyar Shendam ba.

Amma ga wani ɓangaren da ba a cika faɗa mana ba. A daidai shekarun da Maclaren ke ƙera nasa, wata ma'aikaciyar jinyar yara 'yar Amurka, Ann Moore, ta yi aikin sa kai a ƙasar Togo a farkon shekarun 1960. Ta ga yadda mata ke goya 'ya'yansu da zane, ta ga yaran a natse. Da ta koma gida ta haihu, sai ita da mahaifiyarta suka ɗinka abin goyo na yadi, suka sa masa suna Snugli, aka yi masa rajista a 1969, ya zama kasuwa babba. Haka nan a 1978, a wani asibitin haihuwa a Bagota ta ƙasar Kolombiya, da kwalaben renon bakwaini suka yi ƙaranci, Dakta Edgar Rey ya sa iyaye mata su riƙa ɗaure bakwaininsu a ƙirji, fata da fata. Dabarar ta yi aiki, har a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara yin haka nan take da an haifi bakwaini. Wannan ba goyon baya irin namu ba ne, a ƙirji ake yi, amma asalinsu ɗaya: jikin uwa da zane. Wato lokacin da muke kallon kayansu da sha'awa, su ma suna can suna kwaikwayon na iyayenmu, suna kuma sayarwa da tsada.

Yanzu mu dawo gida. Assakio gari ne na doya da shinkafa da riɗi da agushi. Da ka sauka daga babban titi, da damina laka ce da zaizaya, da rani kuma yashi da ƙura. Ranar kasuwa kuwa tsakanin masu baro da 'yan acaɓa da motocin doya, babba ma da ƙyar yake kutsawa. Mai ƙafa ukun da ya yi mana amfani a Najeriya shi ne Keke NAPEP, wanda ya bazu bayan gwamnatin Obasanjo ta kafa shirin rage talauci a 2001, kuma shi ɗin ma idan mace ta shiga da yaro, sai ta kwanto shi ta rungume. Ina za ta sa keken jariri mai tsawon hannu biyu?

Akwai kuma abin da ba na son tunawa, amma tarihinmu ne. A watan Satumba na 2013, lokacin da rikici ya ci garin nan, ina yaro amma na yi wayo. Mutane sun watse, wasu Lafia, wasu ɓangaren Namu da Shendam a jihar Filato, da yawa ta cikin gonaki da ƙafa. Jariran da suka fita a ranar, a bayan iyayensu da yayyensu suka fita. Na ga yarinyar da ba ta wuce sa'ata ba da ƙaninta a baya, an ɗaure mata shi da gyale saboda ba a tsaya neman majanyi ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kuma kiyaye na gaba. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji wata 'yar birni na cewa ita ba ta iya goyo ba, kamar abin alfahari.

Ba ina cewa kada kowa ya saya ba. Yayata da ke aure a Mararaba tana da shi, kuma da aka yi mata aiki wajen haihuwa ya taimake ta ƙwarai, domin an hana ta ɗaukar nauyi. Mai tagwaye, mai ciwon baya, ko uban da ke son fita da ɗansa da yamma (tun da mu maza ba ma goyo), duk suna da uzuri. Kuma gaskiya a kan burji manyan tayoyi masu iska sun fi ƙananan na roba nesa ba kusa ba. Sai dai a tuna taya mai iska tana yin faci, ga ƙaya a ko'ina, don haka a tabbatar girmanta irin wanda mai gyaran keke na unguwa ke da tib ɗinsa ne. A duba tayar gaba: wadda aka kafe ta gudu ce, ba ta juyawa sai an danna mariƙi an ɗaga hancin, wadda ke juyawa kuma ana iya kulle ta ita ta fi dacewa da lungu. Ƙafa uku ta fi huɗu saurin kifewa idan aka hau gefen kwalbati a karkace ko aka rataya jaka mai nauyi a mariƙi. Jaririn da bai kai wata shida ba, wanda wuyansa bai tsaya ba, sai keken da ke kwantawa sosai. Kada kuma a lulluɓe shi da zane a ranar Lafia da sunan kare ƙura, domin cikin yana ɗaukar zafi.

Babbar damuwata ita ce gwanjo, tun da yawancin waɗanda ke iso mu ta nan suke zuwa. A 2009 kamfanin Maclaren ya yi kiranyen kekuna kusan miliyan ɗaya a Amurka, bayan an samu yara 12 da mahaɗin naɗewa ya guntule wa kan yatsa. Sai a 2015 dokar tilas kan ingancin keken jarirai ta fara aiki a ƙasar. Tsofaffin da aka yi kafin nan ba ɓacewa suka yi ba, wasu kwantena ake lodawa da su. Wanda zai sayi na hannu ya taka birki ya tura ya gani ko ya kama, ya ja ɗamarar da ke riƙe kafaɗu da ƙugu da tsakanin cinya, ya naɗe ya buɗe sau da yawa yana kallon inda yatsan yaro zai iya shiga.

Da na karanta wa mahaifina abin da na tara, sai ya ce: "To kai ka manta da namu mai ƙafa ukun?" Yana nufin keken katako na koyon tafiya, wanda kafintocinmu ke bugawa da guntayen katako da ƙusa, taya ɗaya a gaba biyu a baya, da sandar da yaro ke kamawa yana turawa yana tatata a tsakar gida. Ba a zama a cikinsa, ƙafar yaron ce ke aiki, saɓanin na roba mai zagaye da ake zaunar da yaro a ciki, wanda ƙasar Kanada ta haramta sayarwa tun 2004 saboda yawan faɗuwa. Wanda na koyi tafiya da shi yana nan a ɗakin ajiyar Inna, an canza masa tayar gaba sau biyu, kuma ɗan Yayar tawa ne ke jiran gado idan sun zo hutun Sallah.