Kwamfutar da ba ta san ƙarfe nawa ba: tarihin hulunan Raspberry Pi

Mai karatu, a ce kai ɗalibi ne a Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, ka haɗa 'yar na'ura ka kai ta gonar dawa don ta riƙa auna laimar ƙasa duk bayan awa ɗaya. Damina ta wuce, ka zaro katin ajiya, sai ka tarar lokutan da ta rubuta duk a hargitse suke. Laifin ba naka ba ne. Asalinsa wata shawara ce da aka yanke a Ingila shekaru da dama da suka wuce.

A ranar 29 ga Fabrairun 2012 ne Eben Upton da abokan aikinsa a Kambirij suka fitar da Raspberry Pi, kwamfuta mai girman katin ATM, a kan dala 35. Burinsu shi ne yara su samu abin koyon rubuta manhaja mai araha. To, kafin farashi ya sauko haka, sai da aka cire abubuwa da yawa. Ciki har da agogo mai batir, irin wanda ke cikin kowace laftof. Hasashensu shi ne na'urar za ta riƙa tambayar intanet lokaci duk sa'ad da aka kunna ta. A Kambirij wannan ba matsala ba ce. Amma a gona, inda babu sabis kuma wuta na iya ɗaukewa, kwamfutar takan farka ta ci gaba da lissafi daga lokacin da ta adana na ƙarshe, kamar wanda ya yi barcin kwana uku ya tashi yana zaton jiya ce.

Abin da ya ceci lamarin shi ne 'yan alluran ƙarfe 26 da aka bari a gefen allon. Ta nan masu ƙere-ƙere suka fara jona nasu kayan. A watan Yulin 2014 aka ƙara alluran zuwa 40, aka kuma fitar da ƙa'idar da ake kira HAT, kalmar da ke nufin hula a Turanci, domin allo ne da ake kifa wa kwamfutar a ka. Kowace hula tana ɗauke da 'yar ma'ajiya da ke sanar da kwamfutar ko ita wace ce, don haka ba sai ka sha wahalar saiti ba.

Hular da ta fi suna ita ce Sense HAT ta 2015, wadda aka aika tashar sararin samaniya ta duniya lokacin tafiyar ɗan sama jannatin Birtaniya Tim Peake. Amma waɗanda za su fi yi maka amfani a Zuru ba a cika jin labarinsu ba.

Na farko shi ne agogon nan. Guntun da ake kira DS3231 yana ƙirga girgizar wani ƙaramin dutse, sau 32,768 a daƙiƙa guda, yana kuma auna zafi yana gyara kansa. Tsakanin digiri 0 da 40, kuskurensa bai wuce kusan minti ɗaya a shekara ba. Batir mai kamar kwabo ke riƙe shi ko da wuta ta ɗauke.

Na biyu, mai fassara awo zuwa lamba. Raspberry Pi ba ta gane komai sai "akwai wuta" ko "babu", alhali na'urar auna laima tana ba da ƙarfin lantarki ne mai hawa da sauka. Guntu irin MCP3008 yana karɓar na'urori takwas, ya mayar da awon kowacce lamba tsakanin 0 da 1023. Idan babu shi, aikin gonar nan ba zai ma fara ba.

Na uku, hular batir. Ɗaukewar wuta a daidai lokacin da ake rubutu kan katin ajiya na iya lalata duk abin da ke ciki. Wannan hula takan ba kwamfutar 'yan mintuna ta rufe kanta cikin natsuwa.

Sai a 2023, da fitowar Raspberry Pi 5, aka saka agogon a jikin allon, shekara goma sha ɗaya ke nan bayan ta farko. Ko a nan ma batirinsa daban ake saye. Su kuwa tsofaffin samfura, waɗanda suka fi sauƙin kuɗi, har yau ba su da shi.

Saboda haka kafin ka biya kuɗin allo, ka tambayi kanka abu uku: inda zan ajiye shi akwai intanet? Wuta na tsayawa? Abin da zan auna, hawa da sauka yake yi? Amsoshin nan su za su gaya maka hular da za ka sa a lissafin kuɗinka tun kafin ruwan farko ya sauka.