Wa Ke Riƙe da Hanya? Daga Dawakin Mongol Zuwa Layin Dogon Zariya

A shekarar 1258 rundunar Hulaku, jikan Jengis Khan, ta faɗa wa Bagadaza, ta kashe halifa Musta'asim, ta bar birnin Abbasiyawa cikin jini da toka. Da wannan ta'asa aka fi sanin Mongol a wurinmu, su ne littattafan Larabci ke kira Tattar. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a ƙarƙashin mutanen nan ne falke ya iya ɗaura kaya a bakin Baƙin Teku ya nufi ƙasar Sin. Sun kafa tashoshin sauya dawaki a manyan hanyoyi, suna kuma ba manzo ko babban attajiri wani ɗan allo na ƙarfe, azurfa ko zinariya, wanda duk ya gan shi ya san taɓa mai shi taɓa sarki ne. Cikin wannan zamani Marko Polo ya bar Benis a 1271, bai komo ba sai 1295.

Wajen 1340 wani ma'aikacin 'yan kasuwar Italiya, Pegolotti, ya rubuta wa matafiya jagora. Ya ce hanyar zuwa ƙasar Sin lafiya lau take dare da rana, amma ya ja kunne: idan sarki ya mutu ba a naɗa wani ba, kowa ya yi ta kansa. A ganina nan zancen yake. Lafiyar hanya ta mai takobi ce, tana tafiya da ransa da kuma bukatarsa.

Ibn Baɗuɗa, wanda ya ratsa ƙasashen Mongol, ya zo Mali a 1352 ya yaba da yadda matafiyi ba ya tsoron ɓarawo. A 1353 ya biyo ta Takadda, ya ambaci jan ƙarfen da ake kaiwa Gobir. Ke nan ƙasar Hausa ba ta bayan fage.

Zazzau kuwa ita ce ƙofar kudu. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarauniya Amina, Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, kuma a lokacinta ne kayan yamma suka shigo ƙasar Hausa. Masana na jayayya kan ƙarnin da ta yi zamani, na 15 ko na 16, amma a lura da yadda labarin ya jero: yaƙi tukuna, sannan gaisuwa, sannan ciniki.

Bayan jihadin 1804 abin ya faɗaɗa. Malam Musa ya ci Zariya a 1808, Sarkin Zazzau Makau ya yi kudu, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin da yau ake kira Suleja. Garuruwan da a da ke kai wa juna hari suka koma ƙarƙashin Sarkin Musulmi ɗaya, da alƙalai masu hukunci da littafi ɗaya, da wuri a matsayin kuɗin kowa. Bashin da aka ci a Kano ana iya bin sa a Zariya. Keffi, Nasarawa da Jama'a suna bin Zazzau, don haka hanyar Binuwai ta buɗe. Da Bature matafiyi Barth ya zo Kano a 1851 ya ƙiyasta tufafin da birnin ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300.

Duk da haka falke bai taɓa sakin jiki ba. Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari masu zuwa Gwanja ɗauko goro ba sa fita sai a ayari. Madugu ke da magana, jagaba na gaba yana duba hanya da zango, uban dawaki na tattara kuɗin da za a biya a kan hanya, ga malami mai duba ranar tashi. Jakuna na ɗauke da kanwa, riguna da fatu, maza na rataye da kwari da baka. A bakin Kwara a biya fito, a ƙasar Bargu a kai wa kowane sarki gaisuwa, in an ƙi kuwa mutanensa ne za a haɗu da su a daji. A komowa aikin ya fi wuya, don goro ba ya son sakaci: sai an riƙa kwance huhu, a tsince wanda ya lalace, a yayyafa ruwa, a sake naɗe shi da ganye. Zuwa da dawowa kan ci wata shida har shekara. A 1826 wani Bature matafiyi, Kilafaton, ya haɗu da irin wannan ayari a Kayama, ya ce mutanensa sun haura 1,000, dabbobin ma haka.

An ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, to amma lafiyar wa? Harajin da Zazzau ke kai wa Sakkwato har da bayi, kuma daga ƙauyukan kudu ake kamo su. Hanyar da ta yi wa madugu daɗi ita ce aka bi da waɗansu ɗaure da igiya. Talakan cikin gida ma bai tsira ba: Ningawa na kai hari ta gabas, Maraɗawa ta arewa. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta a ƙasar Zariya tsakanin 1949 da 1950, ta ba da labarin danginta da mahara suka kwashe, sai da aka tara dukiya aka fanso su. Gargaɗin Pegolotti kuma ya tabbata a nan: rikicin sarauta ya rusa kasuwar Salaga ta Gwanja a 1892, basasar Kano ta biyo baya a 1893.

Turawan Ingila ma da sunan tsaro suka shigo. Sarkin Zazzau Kwasau ya nemi taimakonsu kan Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora, suka zo a 1902, ba a jima ba suka tuɓe shi kansa suka kai shi Lakwaja. Hari ya ragu, wannan gaskiya ne. Amma gwamnatin Gwamna Lugga ta sa wa ayari nata harajin, ba a soke shi ba sai 1907. Sannan aka shimfiɗa dogo. Jirgi ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, ƙaramin layin Bauci ya tashi daga nan ya hau tudun Jos don kuza, wani reshe ya kai Kauran Namoda a 1929. Zariya ta zama mararraba, amma ba cikin ganuwa ba. Gefen tasha ne ya cika da leburori, akawuna, Yarabawa, Ibo, Nufawa da kantunan Turawa, shi ne Sabon Gari. Wanda ya fito daga Zabi ko Samaru, a gefen Zariya, da kayan gona ya nufi kasuwar nan, yana bin hanyar da jirgi ya juya wa fuska ne, daga Sahara da Gwanja zuwa Ikko.

Auduga Turawa suka zo nema don masaƙun Lankasha a Ingila. Suka kafa injin gurza a Zariya, daga baya aka buɗe tashar binciken noma a Samaru a 1922. Sai dai masaƙan gida sun daɗe suna biyan farashin da ya fi na kamfanin Turawa, manoman Kano kuma suka zaɓi gyaɗa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi cin ribar wannan juyi shi ne Alhassan Ɗantata, Ba'agale da aka haifa a Bebeji a 1877, wanda ya taso cikin fataucin goro.

An rufe layin Bauci a 1957, kwalta ta karɓe yawancin kayan da jirgi ke ɗauka. A 'yan shekarun baya kuwa, direbobin da ke bin hanyar Birnin Gwari sun sha tsayawa su taru, su jira rakiyar soja kafin su shiga daji, kuma a ranar 28 ga Maris 2022 jirgin Abuja zuwa Kaduna da kansa aka tare.