Yadda ruwa ke karya gada daga ƙarƙashi

A watan Agustan shekara ta 2021, mutum 21 suka rasu a ƙauyen Radabi da ke ƙaramar hukumar Gwaram a jihar Jigawa, bayan da mota ta afka da su cikin wata gada da ambaliya ta karya a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka.

Akan gina gada ne domin ta ɗauki nauyin da ke danna ta daga sama. Shi kuwa ruwa ta ƙasa da ta gefe yake zo mata.

Injiniyoyin da ke aiki a gaɓar teku sun fi kowa sanin wannan. A shekara ta 2005, guguwar Katrina ta tura igiyar ruwa ƙarƙashin tagwayen gadar da ke kan tafkin Pontchartrain, kusa da birnin New Orleans na Amurka. Ruwan da iskar da ta maƙale tsakanin ginshiƙan kwance suka ɗaga manyan falankan kankare, suka ture wasu cikin tafkin. Nauyinsu bai hana ba, domin ba a ɗaure su da ƙarfi ga ƙafafun gadar ba. Da aka sake gina ta, sai aka ɗaga ta sama sosai.

Shi ya sa a tashoshin jiragen ruwa akan shimfiɗa daɓen ƙarfe mai kama da raga a wuraren da igiyar ruwa ke duka: ruwa ya bi ta ramukan ya wuce. Akan kuma ɗaure kowane falanki da noti da ƙusoshin da ba sa tsatsa, a riƙa duba su, tunda gishirin teku na cin ƙarfe.

Zandam da sauran garuruwan Gwaram da Birnin Kudu dai ba su da teku, amma ruwan damina na aiki irin wannan. Yakan kwashe yashin da ke gindin gada, ya zaizaye ƙasar da ta haɗa ta da titi. Idan kwalbati ya yi ƙanƙanta, ko kara da shara suka toshe shi, sai titin ya zama madatsa har ruwa ya ɓalle shi.

Abin da ya fi hatsari shi ne kwalta kan kasance lafiya lau a ido, alhali ƙarƙashinta ya zama rami, kuma direban da ke tafe cikin dare ba zai gani ba.