Wuri, Kwabo Mai Huji da Kuɗin da Auta Yake So Mu Saya

Mu nan Birmingham sai godiya, karatu yana tafiya, tuwon garin shinkafa ma na fara iya tuƙawa ba tare da ya yi gudaji ba. Ku yi haƙuri da shirun da na yi kwana biyu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne maganar Auta. Ya kira ni sau uku a makon jiya, yana so mu amince a sayar da gonar da Baba ya bari, Allah Ya jiƙansa, a zuba kuɗin a wani sabon kuɗin intanet, wato kirifto, da aka ce masa zai ninka kafin shekara ta zagayo. Na ce masa ya ba ni lokaci. To ga amsata, amma sai kun biyo ni ta doguwar hanya, don kun san halin ɗalibin tarihi.

Zan fara da kiɗa, kada Hajiya ta tsorata. Wani Bature da muke zaune gida ɗaya yana son wani kiɗa mai ƙarar tsiya da suke kira heavy metal, ni kuwa na raɗa masa suna kiɗan ƙarfe. Da na yi masa ƙorafi, sai ya ce ai a garin nan aka haife shi. Wasu samari huɗu 'yan unguwar Aston ne suka haɗa ƙungiya a 1968, wadda daga baya ta zama Black Sabbath, faifansu na farko ya fito a 1970. Mai kaɗa musu jita, Tony Iommi, yana da shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu a masana'antar ƙarfe. Sai ya narkar da roba ya yi wa yatsun hula, daga baya ya sassauta tsirkiyar jitar don rage zafi, sautin ya koma mai kauri da nauyi. Mawaƙinsu Ozzy Osbourne ya mutu a watan Yulin 2025, makonni kaɗan bayan wasansu na ban kwana a filin Villa Park. Sunan ƙungiyar da siffofinsu ba su kwanta mini ba, amma da na saurara sai na tuna da dundufar da ake kaɗa wa maƙera a gida. Garin maƙera ne, kiɗansa ma ya ɗauko amon maƙera.

Wannan magana ce ta sa na fara karanta tarihin ƙarfen garin, a nan ne kuma na ci karo da kuɗi. Tun ƙarni na 17 Birmingham ta yi ƙaurin suna wajen buga kuɗin jabu, har sunan garin ya zama kalmar da Turawa ke nufin kayan bogi da ita. A 1788 wani attajiri mai suna Matthew Boulton ya kafa gidan buga kuɗi a Soho, inda injin tururi ke buga kwabbai iri ɗaya sak, yadda ɗan jabu ba zai iya kwaikwayo cikin sauƙi ba. A 1797 gwamnati ta ba shi kwangilar buga kwabon tagulla.

Ga inda abin ya shafe mu. Kun tuna kwabo mai huji da Kaka take ajiyewa a cikin kwallarta, mai tauraro a gefe ɗaya da rubutun Larabci a ɗaya gefen? An fara fitar da irinsa a 1907, kuma da yawa daga cikinsu a garin nan aka buga su. Idan ka duba da kyau ka ga ɗan ƙaramin harafin H, to na gidan Heaton ne, idan KN ne kuwa na Kings Norton ne. Na sayi guda ɗaya a wajen wani mai sayar da tsofaffin kaya, yana kan teburina yanzu haka.

Kafin kwabo da anini da sisi da sule, da wuri kakanninmu suke ciniki. Kalmar kuɗi ma ai jam'in wuri ce. Akwai littafin da na aro a laburare, na Jan Hogendorn da Marion Johnson, wanda ya fito a 1986, kan tarihin wuri da cinikin bayi. A ciki na ga cewa wurin asali daga tsibiran Maldives yake zuwa, can cikin tekun Indiya. Nisan wajen da wahalar kawo shi su ne suka riƙe masa daraja. Lokacin da Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, wuri 2,500 ne ke sayen dalar azurfa ɗaya.

Sai 'yan kasuwar Hamburg ta Jamus suka gano wani wurin mai kama da shi a gaɓar Zanzibar, mai arha da yawa. Daga wajejen tsakiyar ƙarni na 19 suka dinga jibgo shi a jiragen ruwa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, biliyoyi. Su sun ci riba. Wanda ya tara wuri a rumbu kuwa, yana zaune dukiyarsa ta zagwanye. Wani Baturen Ingila, Charles Robinson, da ya ratsa ƙasar Hausa a 1894 zuwa 1895, ya ba da labarin yadda suka kasa sayar da dokinsu, domin wurin da za a biya su sai an ɗauki 'yan dako goma sha biyar, ladan dakon kuma zai cinye kuɗin duka. Da Turawa suka kafa mulki sai suka hana shigo da wuri, suka karkata haraji zuwa kuɗinsu na ƙarfe. Kwabon ma zamaninsa ya wuce, naira ta zo a 1973.

To Auta, ga abin da na fahimta. Abu biyu ke riƙe kuɗi: mutane su yarda za su karɓa gobe, kuma ya zama ba kowa ne zai iya ƙaro shi yadda ya ga dama ba. Wanda ya ƙirƙiro Bitcoin, mai ɓoyayyen suna Satoshi Nakamoto, ya san da wannan. Da ya fito da shi a Janairun 2009, ya ƙayyade cewa ba zai wuce miliyan 21 ba. Amma bayan Bitcoin an ƙirƙiro dubban wasu, kuma a yau mutum zai iya ƙirƙiro nasa cikin 'yan mintuna. A ganina yawancinsu wurin Zanzibar ne, mai kawo su shi ke cin riba. Bitcoin ɗin ma ba ya zama wuri ɗaya. Ya kusa dala 69,000 a Nuwamban 2021, ya faɗo wajen dala 16,000 a Nuwamban 2022 lokacin da kasuwar FTX ta rushe da kuɗin mutane, sannan ya haura dala 100,000 a Disamban 2024. Wanda rashin lafiya ko kuɗin makaranta ya tilasta wa sayarwa a tsakiyar faɗuwar nan, tashin da ya biyo baya bai amfane shi da komai ba.

Ban ga laifinka ba da kake neman mafita. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta wuce 1,500. Duk mai ajiya a naira ya ɗanɗani abin da mai rumbun wuri ya ɗanɗana. Sai dai ka lura, a duk wannan canji daga wuri zuwa kwabo zuwa naira, gona ba ta daina fitar da gero da dawa ba. Daga cikinta Hajiya ke cin tuwo har yau.

Saboda haka ni dai ban amince a sayar ba, kuma ina roƙon Yaya Babba da sauran 'yan'uwa mata kowa ya faɗi nasa ra'ayin, tunda kowa yana da haƙƙi a ciki. Idan an biya mu kuɗin tallafin karatu a wata mai zuwa, zan turo maka ɗan abin da ko ya salwanta ba za mu yi kuka ba, ka koyi kasuwar da shi. Amma kafin nan ka samo mini amsar tambaya uku: wa ya ƙirƙiro kuɗin nan, guda nawa ne kuma wa ke da ikon ƙara su, sannan ranar da kake son naira a hannu wa zai saya? Batun halacci kuma ka je ka tambayi Malam, ba fagena ba ne.

Kwabon nan mai huji zan taho maka da shi idan na zo hutu, in Allah Ya yarda. A gaishe mini da Hajiya da kyau, a ce mata kiɗan ƙarfen nan daga ɗakin maƙwabci nake jin sa. Sai mun sake haɗuwa.

Naku a kullum, daga Birmingham.