Ɗigon cikin ƙwayar halitta da aka yi kusan shekara 200 ba a san aikinsa ba

A shekarar 1781 wani masani ɗan Italiya, Felice Fontana, ya sa yauƙin fatar wani dogon kifi mai kama da maciji a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu. A cikin cibiyar kowace ƙwayar halitta ya hango ɗan ɗigo. Shi ne daga baya aka raɗa wa suna nukiliyolas. Masanan ƙarni na 19 sun yi ta zana shi a littattafai, amma amfaninsa ya gagare su.

Masara ce ta fara buɗe ƙofa. A 1934 Barbara McClintock, Ba'amurkiyar da ta ƙarar da rayuwarta kan binciken masara, ta nuna cewa ɗigon ba haka kawai yake tsirowa ba. Daga wani gurbi na musamman a jikin kuromosom na 6 yake fitowa. A jikin ɗan Adam irin wannan gurbi yana kan kuromosom biyar: 13, 14, 15, 21 da 22.

Sai kuma kwaɗo. A 1958 aka samu wani kwaɗon kudancin Afirka a ɗakin bincike na Oxford da ke Ingila, mai ɗigo ɗaya maimakon biyu a kowace ƙwayar halitta. Idan aka haɗa mace da namiji masu wannan tawaya, kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu ba su da ɗigon ko kaɗan. Suna ƙyanƙyashewa lafiya, har su fara iyo, sannan su mutu. A 1964 Donald Brown da John Gurdon suka gano dalili: waɗannan 'ya'ya ba sa iya ƙera sinadarin RNA da ake gina ribosom da shi, ribosom kuwa shi ke haɗa furotin a jiki. Guzurin da uwa ta zuba a cikin ƙwai ne ke riƙe da su, da ya ƙare shi ke nan. Shekara biyar bayan haka, Oscar Miller da Barbara Beatty suka ɗauki hoton aikin yana gudana, zaren RNA na ta fitowa jere a jikin DNA, gajeru a farko, dogaye a ƙarshe.

Daga nan mutane da yawa suka ɗauka magana ta ƙare, ɗigon wurin ƙera ribosom ne kawai. A ganina nan aka yi gaggawa.

Ƙera ribosom aiki ne mai cin ƙarfi ƙwarai, saboda haka da zarar ƙwaya ta shiga matsi, na yunwa ko zafi ko guba, shi take fara ragewa. Ingrid Grummt da abokan aikinta a Heidelberg ta Jamus sun nuna yadda ake kashe wani furotin mai suna TIF-IA, wanda sai da shi aikin ke tashi. Abin da ya fi ɗaukar hankali ya zo a 2003 daga Jami'ar York, inda Carlos Rubbi da Jo Milner suka lalata DNA a wani ɓangare na cibiyar ƙwaya ba tare da rusa ɗigon ba. Furotin p53, mai tsayar da rabuwar ƙwayar da ta lalace ko ya sa ta mutu, bai motsa ba. Da suka wargaza ɗigon kuwa, ko ba a taɓa DNA ba, sai p53 ya taru.

Wato tsayawar aikin ita ce sanarwar, kamar yadda shirun injin niƙa ke shaida wa unguwa an ɗauke wuta. A lokacin lafiya wani furotin, MDM2, yana ta kawar da p53. Idan ginin ribosom ya tsaya, kayan ginin da suka rasa wurin shiga, musamman RPL5 da RPL11, sai su kama MDM2 su riƙe, p53 ya samu sarari.

Likitoci sun riga masana cin moriyar wannan. Tun shekarun 1950 ake ba yara masu sankarar ƙoda maganin aktinomaisin D, wanda ko ɗan kaɗan ne yakan tsayar da aikin nukiliyolas, kuma har yau ana amfani da shi a asibitoci.